Abin Matse Tafarnuwa: A Gwada Shi Da 'Yar Gida Kafin A Sari Katan

Yau za mu ɗan jingine maganar farashin buhu da kwando, mu yi bayani a kan wani ɗan ƙarfe da ake gani a shagunan kayan girki na Sabon Gari, har yakan faɗo teburan 'yan koli a kasuwannin ƙauye. Shi ne abin matse tafarnuwa. Don taƙaita magana, za mu riƙa ce masa mamatsi.

Tambayar da ke gaban mai jari ita ce, a saro shi ko a bar shi? Amsarmu, a saro, amma kaɗan, kuma sai bayan an gwada shi da tafarnuwarmu ta gida. Dalili kuwa, maƙeransa da manyan ƙwayoyi suka auna shi, tamu ko ƙanana gare ta. Mamatsin da ya yi kyau a hoton kwali yana iya kasa aiki a madafin Kura. In ya kasa, ba maƙerin za a nema ba, teburinka za a dawo. To, ga bayani dalla-dalla.

KAMANNINSA DA ASALINSA

Wanda bai taɓa ganinsa ba, ya ƙaddara filaya ce mai hannu biyu. A bakin hannu ɗaya akwai ɗan ƙoƙo mai huji-huji a gindi kamar rariya. A bakin ɗayan kuma akwai ɗan dunƙulen ƙarfe da ke shiga cikin ƙoƙon. Sai a jefa ƙwayar tafarnuwa a ƙoƙo, a damƙe hannuwan biyu, naman ya fito ta huji, ɓawon ya tsaya a ciki. Iyakar aikinsa ke nan.

Wanda aka fi jingina wa ƙirarsa wani Bature ne mai gyaran keke, sunansa Karl Zysset, a garin Lyss na ƙasar Siwizalan, ƙarshen shekarun 1940. A 1951 ya kafa kamfanin Zyliss, har yau kuwa ana sayar da mamatsi da wannan suna. Duk wanda ya taɓa damƙe birkin keke ya san dabarar: dogon hannu, gajeren baki, ƙarfi kaɗan ya yi aiki mai yawa. Amma galibin waɗanda ke shigowa kasuwanninmu daga ƙasar Sin suke, masu kyau da marasa kyau duk a kwali iri ɗaya.

Iri uku za ka tarar. Na farko shi ne mai kama da filaya da muka faɗa. Na biyu lanƙwasasshen ƙarfe ne mai huji, ana ɗora shi bisa tafarnuwa a kan katako a riƙa dannawa gaba da baya. Na uku na roba ne mai haƙora, kamar ɗan gwangwani da murfinsa, ana zuba tafarnuwa a murɗa. Na biyu da na uku dole sai an ɓare tafarnuwa tukuna. Na farko ne kaɗai ke iya matse ta da ɓawonta, shi ma sai in nagari ne. A riƙe wannan, gama a nan cinikin yake.

DALILIN DA YA SA MATSATTSIYA TA FI YAJI

Ɗauki ƙwayar tafarnuwa da ba a taɓa ba ka sansana, warinta kaɗan ne. Yanka ta, wari ya taso. Daka ta, ya cika ɗaki. Abin da ke faruwa shi ne, a cikin naman akwai sinadarai biyu, kowanne a nasa ɗan ɗaki. Muddin ba a fasa ɗakunan ba, ba sa haɗuwa. Da an fasa sai su gauraya, nan da nan su haifi na uku, wanda masana ke kira alisin. Shi ne mai yajin nan da warin. Wasu masana biyu a Amurka, Cavallito da Bailey, su suka fara ware shi a 1944.

Ke nan iya yawan ɗakunan da aka fasa, iya ƙarfin tafarnuwa. Wuƙa tana fasa kaɗan. Mamatsi yana fasa da yawa. Turmi da dutsen niƙa su ma haka, ko ma fiye. Watau mamatsi bai zo da wani ɗanɗano da matanmu ba su sani ba. Abin da ya zo da shi uku ne: sauri in ƙwaya biyu ko uku ake so, hutawa daga ɓara, da kuma hannu ba ya ɗaukar wari. Mai sayarwa ya tsaya a kan waɗannan ukun, kada ya ƙara da abin da babu. Kada ya ce wa mutane magani ne, kayan girki ne.

TAMU DA TA ƘETARE

Mu nan ƙasar noman rani muke. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa ta kanal zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa su ne manyan kaya, tafarnuwa tana biye a gefe. Maƙwabtanmu na Kofa ta ƙasar Bebeji kuwa sun yi suna a kanta, har masana aikin gona suna kiran wani iri da sunan garin. A ƙasar Sakkwato ma akwai Lugu ta wajen Wurno, su ma da nasu irin.

Tafarnuwa tana son sanyi. Ana dasa ta in hunturu ya kama, wajen Nuwamba, a cire ta bayan wata huɗu ko ɗoriya, kafin zafin bazara ya yi tsanani. Sanyinmu gajere ne, shi ya sa dunƙulenta ba ya girma sosai. Ƙwayoyin sirara ne, masu yawa a dunƙule guda, ɓawon a manne, amma ga yaji ga ƙamshi. Kowace mai girki ta san 'yar gida kaɗan ta isa tukunya.

Ita kuwa fara ƙal ɗin nan mai manyan ƙwayoyi da ke zuwa cikin kwali ko jakar raga, galibi daga Sin take, ƙasar da ke noma fiye da kashi biyu cikin uku na tafarnuwar duniya. Ƙwayarta ɗaya takan cika ƙoƙon mamatsi. Irin wannan girman maƙera suka sa a gaba, ita ce kuma a hoton kwali.

Yanzu saka siririyar ƙwayarmu a ƙoƙon da aka yi don waccan. In akwai rata tsakanin ƙoƙo da dunƙulen ƙarfen da ke dannawa, naman ba zai bi ta huji ba, sai ya zille ta gefe ya hau sama. In dunƙulen bai kai gindin ƙoƙo ba, ƙwayar za ta kwanta a ƙasa, ta ɗan baje kawai, ba abin da zai fito. In kuma aka ce sai an ɓare kafin a matsa, to an bar wa uwargida babbar wahalar, domin ɓarar 'yar gida ita ce aikin, dakan ba komai ba ne. Wadda ta zauna ta ɓare ƙwaya goma, me zai hana ta jefa su a ɗan turmi tare da attaruhu ta jajjaga gaba ɗaya? Saboda haka mamatsin da ba ya matse 'yar gida da ɓawonta ba kayan kasuwarmu ba ne, komai ƙyallinsa.

ƘARFEN DA AKA YI SHI DA SHI

Iri huɗu ne, kowanne da halinsa.

Na ɗaya, ƙarfe mara tsatsa, wanda muke ce wa silba. Shi ya fi ƙarko, shi ya fi tsada. A jikin wasu za ka ga an buga 18/8 ko 18/10 ko 304. Lambobin nan suna nufin irin haɗin ƙarfen da ya fi jure tsatsa. Sai dai buga lamba ba wuya, ana buga ta a jabu ma.

Na biyu, alminiyam na zubi. Ba nauyi, ba ya tsatsa, in kauri gare shi yana aiki shekaru. Aibinsa, yana dusashewa ya yi baƙi, balle in an jiƙa shi a ruwan kanwa ko na toka.

Na uku, tutiya ta zubi da aka shafa wa ruwan ƙyalli. Wannan shi ya fi yawa, shi ya fi yaudarar ido. Yana da nauyi a hannu, yana walƙiya kamar silba. In an jima shafen yakan kumbura ya ɓamɓare, ɓarɓashin ya bi abinci. Kuma ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi farat ɗaya, galibi a wuya kusa da mahaɗa.

Na huɗu, roba, ko roba mai ɗan farantin ƙarfe a gindi. Araha gare shi, araha kuwa ba ta ado. Da ɓawo ba ya iyawa.

Wasu sukan ɗauki maganaɗisu su ce da shi za su gane na ƙwarai. A yi hattara. Maganaɗisu ba ya kama alminiyam, ba ya kama tutiya, kuma galibi ba ya kama silba mai lamba 304. Ke nan rashin kamawa bai nuna komai ba. In ya kama ƙam, ko dai baƙin ƙarfe ne da aka shafe, ko silba ce mai sauƙin kuɗi. Abin da ya fi, ka duba cikin huji da cikin mahaɗa, inda shafe ba ya shiga sosai. In launin ciki ya bambanta da na waje, shafe ne.

GWAJI SHIDA KAFIN A BIYA KUƊI

In za ka shiga Kano sari, sa dunƙule biyu na 'yar gida a aljihu. Ka roƙi mai shago ya buɗe ɗaya. In ya ƙi, ka ce ka sayi guda, ka gwada a gabansa. Kuɗin guda ɗaya ba ya kai asarar katan ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na farko, rufe shi ba komai a ciki, ka ɗaga shi wajen haske. Dunƙulen ƙarfen ya sauka har gindin ƙoƙo, ya zauna daram, ba rata a gefe.

Na biyu, girgiza mahaɗa. Ƙusar da ta haɗa hannuwan ta zama mai kauri, ba ta kaɗawa. Mamatsi daga nan yake fara mutuwa.

Na uku, zuba ƙwaya uku ko huɗu na 'yar gida da ɓawonsu, ka damƙe da hannu ɗaya. In sai ka haɗa da hannu biyu ko ka dogara da gwiwa, to ka tuna mace ce za ta yi aiki da shi, wata ma tsohuwa. Dogon hannu ya fi gajere sauƙi.

Na huɗu, buɗe ka dubi abin da ya rage. In ɓawo ne shafal kamar takarda, madalla. In rabin nama ya maƙale a ciki ko ya hau gefe, ajiye shi.

Na biyar, dubi huji. Wanda ya kai kamar ƙwayar gero ya yi daidai. In ya fi haka ƙanƙanta, matsawa za ta yi wuya, wanki ma haka. In ya yi faɗi da yawa, ɓawo zai biyo nama. Shafa yatsa a bayansa, kada a ji kaifi ko ƙaiƙayin zubi.

Na shida, wanki. Akwai mai ƙoƙon da ke buɗewa ko a cire shi, akwai mai zuwa da ɗan matsefi na roba da ake tura shi cikin huji. Waɗannan sun fi. Mai ƙoƙon da ke fita gaba ɗaya kuwa, ka gargaɗi mai saye, in ƙoƙon ya ɓata sauran ya zama ƙarfen banza.

In samfurin ya ci gwaji, kada ka tsaya nan. Zaro biyu ko uku daga tsakiyar katan ka duba, don na sama ba shi ne shaidar na ƙasa ba.

LISSAFI

Ga misali, ba farashin kasuwa muke faɗa ba. Mu ɗauka ka sari dozin a kan naira 12,000, kowanne ya tsaya maka 1,000. Kana sayarwa 1,200. In duk sun fita ka tashi da 14,400, riba 2,400. To, in biyu suka karye aka dawo maka da su ka mayar da kuɗi, goma ka sayar, ka tashi da 12,000 cif. Riba ta tafi, ga kuɗin mota daga aljihunka. In uku ne, ka fara cin uwar kuɗi. Wannan fa ba a sa sunanka a lissafi ba. A ƙauye, mace ɗaya in ta ce kayan wane ba su da kyau, kafin kasuwa ta sake ci gidan biki ya ji.

Shi ya sa muke cewa a fara da dozin ɗaya ko biyu na mai kyau, ko da ribarsa ba ta kai ta mai araha ba. A kuma yi magana da mai shago tun kafin a ɗaure kaya: wanda aka samu da aibi daga kwali, zai karɓa ko ba zai karɓa ba? Dillali ma ya sa wannan cikin sharaɗi kafin ya karɓi la'ada. Abu ɗaya da ya fi tumatir da shi, ba ya ruɓewa. Amma kwantai kwantai ne, kuɗin da ya kwanta a tebur wata shida bai juya ba.

WA ZAI SAYA, WA BA ZAI SAYA BA

Masu saye na farko su ne masu haɗa kayan ɗakin amarya. Iyaye mata in sun shiga sayen kayan kicin ba sa son a ce wani abu ya yi saura, saboda haka a jera shi kusa da ludayi da magogi da wuƙaƙe, a yi masa kuɗi tare. Sai matan ma'aikata da malaman makaranta, masu girkin mutum uku ko huɗu, masu saurin fita aiki. Sai gwauraye da ɗalibai da ba su da turmi. Sai mai shayi da ke soya ƙwai da taliya, wanda ke son ƙwaya ɗaya yanzu, wata bayan minti biyar.

Waɗanda ba nasu ba ne kuwa, kada a tura musu. Mai tuwon sayarwa da mai dafa abincin biki, tafarnuwarsu da gwangwani ake aunawa, injin markaɗe ne nasu. Masu kilishi da masu tsire da masu dakan yaji busasshen kaya suke haɗawa, sai turmi. Babban gida mai tukunyar mutum ashirin, jajjage ɗaya ya gama musu komai. In ka sayar wa irin waɗannan, gobe za su dawo da shi a karye, laifin kuwa ba na ƙarfe ba ne.

Lokacin fitarsa shi ne lokacin bukukuwa, bayan an kwashe amfanin gona kuɗi ya shiga hannu, da gabanin azumi, da bayan salla. A shigo da shi kafin waɗannan, kada a bari sai sun wuce.

ABIN DA ZA A FAƊA WA MAI SAYE

Minti ɗaya na bayani yana hana a dawo da kaya. Ka ajiye dunƙulen tafarnuwa a tebur ka nuna mata da hannunka, gani ya kori ji. Kana yi kana cewa: «Hajiya, ki yanke ɗan gindin nan mai tauri, ki zuba uku ko huɗu tare, ki danna sannu a hankali. Ki kankare da bayan wuƙa, ki cire ɓawon kafin ki sake zubawa.» Sauran abin da za a faɗa shi ne:

A rage yawa. Tunda matsattsiya ta fi yankakkiya ƙarfi, a fara da kaɗan, in bai ji ba a ƙara.

Kada a jefa ta cikin mai mai tsananin zafi ita kaɗai. Laushi gare ta, kafin a juya ta ƙone, in ta ƙone kuwa ɗaci take yi, miya ta ɓaci. A bari albasa ta yi laushi tukuna, ko a zuba ta tare da kayan miya.

Mai son ƙarfinta sosai ta matse ta ta bar ta kamar minti 10 kafin ta sa a wuta, domin zafi yana kashe sinadarin da ke tayar da yajin. Mai son ta da sauƙi, kamar a kwaɗo, ta matse ta kai tsaye cikin ruwan lemun tsami, tsami yana danne yajin. In ta ga ta rikiɗe ta yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi bayan ta haɗu da tsami, ba lalacewa ba ce, ana ci.

Kada a sa masa busasshiyar citta, ko kanumfari, ko masoro, ko busasshiyar tafarnuwa. Ɗanyar citta ma zare gare ta, sai an yanka ta ƙanana, kuma sai mamatsi mai ƙarfi. Yawancin karyewa daga nan take.

A wanke shi nan take. Ruwan tafarnuwa danƙo gare shi, in ya bushe a huji sai an sha wuya. Ruwa da sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa, ko tsinken tsintsiya. A goge, a bar shi a buɗe ya sha iska.

GARGAƊI A KAN TAFARNUWA CIKIN MAI

Wannan a saurara da kyau, maganar rai ce. Wadda ta sami mamatsi takan yi sha'awar ta matse da yawa rana ɗaya, ta zuba a kwalba, ta cika da man gyaɗa, ta ajiye tana ɗiba. Wasu ma sukan yi tunanin yin haka don sayarwa. Kada a yi.

Tafarnuwa daga ƙasa take fitowa, a ƙasa kuwa akwai wata ƙwayar cuta da ba ta tashi sai inda babu iska, babu tsami, ga ɗumi. Cikin mai haka yake. In ta tashi tana fitar da guba da likitoci ke kira botulinum, mai shanye jijiyoyi. Mugun abin shi ne, kwalbar ba lalle ta yi wari ko ta sake launi ba. A 1985, a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, mutum 36 suka kamu bayan sun ci abincin da aka yi da yankakkiyar tafarnuwa cikin mai, wadda aka ajiye ba a firji ba. A 1989 aka sake samun mutum uku a jihar Niyok ta Amurka, daga nan hukumar abincin ƙasar ta wajabta wa kamfanoni su riƙa sa sinadarin tsami a irin wannan kaya. Can ke nan ƙasar sanyi. Ina ga mu da zafin bazara ke kai awo 40, ga wutar lantarki ba tabbas?

In dole sai an haɗa da mai, a firji mai sanyi na gaske, kada ta wuce kwana huɗu. In wuta ta ɗauke ta daɗe, a zubar. Alamun gubar su ne gani biyu-biyu, fatar ido ta saki, haɗiya da magana su yi nauyi, jiki ya mutu. Wanda ya ga haka sai asibiti, ba jira. Hanyar iyayenmu, a ɓare, a shanya ta bushe ƙayau, a daka gari, ita ta fi dacewa da ajiya a ƙasarmu. Amfanin mamatsi shi ne a matsi ta yau a yau.

GA DILLALAN TAFARNUWA

Ku ma maganar ta shafe ku. Mai mamatsi manyan ƙwayoyi take nema, in ba ta samu a 'yar gida ba sai ta koma ga ta kwali. Saboda haka a daina zuba komai a buhu ɗaya. A ware kashi uku: manya, matsakaita, ƙanana. Manya a kai wa masu tebur na birni, a nemi kuɗinsu. Ƙanana su tafi ga masu daka da masu markaɗe, su ba ruwansu da girma, yaji suke so.

Amma kada kwaɗayin kuɗin manya ya sa a share rumbu. Babbar ƙwaya ita ce iri nagari, ita ke ba da babban dunƙule baɗi. Manomin da ya sayar da manya duka ya dasa ragowa, kowace shekara tafarnuwarsa ƙara ƙanƙancewa za ta yi, dillalin da ke saye a hannunsa shi ma ya shiga ciki. A fitar da iri tukuna, sannan a yi ciniki.

A kuma kula da ajiya. Bayan cira a bar ta ta sha iska a inuwa mako biyu ko uku har wuyanta ya bushe. A sa ta a buhun da iska ke ratsawa, ban da leda, a ɗora bisa katako, ban da dandaryar ƙasa. Sabuwar cira ruwa gare ta, tana matsuwa da sauƙi. Wadda ta kwana biyu har ta fara yanƙwanewa ko tsiro, takan yi taurin roba a cikin mamatsi, ta ƙi fita. Mai tebur da ya yi gwaji da irin wannan zai ɗora wa ƙarfe laifi a banza, saboda haka a gwada da ƙwaya mai tauri, cikakkiya.

A taƙaice, mamatsi ba zai kori turmi daga gidajenmu ba, kada wani ya zuba jari da wannan zato. Ƙaramin kaya ne na ƙaramin girki, yana da nasa masu saye. Wanda ya je sari da tafarnuwar gida a aljihu, ya gwada, ya ɗauki dozin ɗaya na mai kyau, ya kuma yi wa mai saye bayani, zai ci ribarsa ya koma ya ƙaro. Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.